Ranakun da Nake Gida

A shekarun da nake aikin masaƙa, a wani gidan haya muke zaune a Makera, ni da matata da 'yarmu ta fari. Gidan irin dogon nan ne, ɗakuna a jere suna kallon tsakar gida, rijiya a tsakiya, da bishiyar mangwaro a bakin ƙofa wadda yara ba sa barin 'ya'yanta su nuna. Mu ne a ƙarshen layi, ciki da falo. Mu kaɗai kuma muke da mitar wuta tamu daban, saboda wanda ya zauna a wurin kafin mu ya gaji da rigimar raba kuɗin wuta da maƙwabta, ya je ya sa aka kafa masa tasa. Da ya tashi muka gaje ta.

Manne da bangon falonmu akwai wani ɗan ɗaki da aka ƙara daga baya. Asalinsa wurin ajiye siminti ne lokacin da ake ginin gidan. Ba shi da silin, tagarsa ɗaya ce 'yar ƙarama, kwanon rufinsa kuwa idan ka miƙa hannu za ka taɓa shi. Ba a taɓa ja masa wuta ba. A ciki wata tsohuwa take zaune, kowa Mama yake ce mata. Kirista ce, mutuniyar kudancin Kaduna. Mijinta ya yi gadi a masaƙarmu har ya rasu, ita kuma ta yi shekaru tana tuyar ƙosai a bakin ƙofar masaƙar kafin ƙafafunta su fara kumbura ta daina. 'Yarta ɗaya tana aure a Sabon Tasha, a gidan dangin miji da ba masaka tsinke. Duk Lahadi idan an taso daga coci takan zo ta kawo mata cefane, ta wanke mata kaya, ta koma da yamma.

Da farko tsakanina da Mama gaisuwa ce kawai. Abin da ya haɗa mu shi ne haihuwar 'yata. Ina wurin aiki naƙuda ta taso wa matata da rana tsaka, mazan gidan duk sun fita, kuma ba ta da kowa nata a garin, iyayenta suna Funtuwa. Mama ce ta ji nishinta ta bango. Ta yi aikin ungozoma a ƙauyensu tun tana da ƙarfi. Kafin a samo mota an riga an sauka, ita ta karɓi yarinyar, ita ta yanke cibi. Da na dawo na tarar da ita zaune a falona, zaninta duk a ɓace, tana riƙe da jaririyar tana yi mata waƙa da yarensu. Har surukata ta iso bayan kwana huɗu, Mama ce take hura wutar ruwan wankan jego.

Bayan suna na rasa abin da zan yi mata. Na ba ta turmin atamfa daga wanda ake sayar mana da rahusa a masaƙa, na ga bai kai ba. Sai wata Asabar na ari guduma da kurfi, na huda bangon da ke tsakaninmu daga ƙasa, a bayan kabad ɗin kwanuka. Na sayo waya da soket da ƙwan lantarki, na ratsa wayar ta ramin, na sa mata filogi a ɓangarena. Da na kunna, ɗakin ya yi haske, ta tsaya tana kallon bangonta kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"Ɗana, nawa zan riƙa bayarwa a wata?"

"Ko kwabo, Mama."

"A'a, faɗi wani abu dai, don zuciyata ta kwanta."

"Wadda ta yanke wa 'yata cibi ce za ta biya ni kuɗin ƙwai ɗaya? Ki bar maganar nan, don Allah."

Ta ɗora hannu a kaina ta yi mini addu'a irin tasu, na ce amin.

Da bazara ta zagayo, 'yarta ta kawo mata fanka ta tebur, shuɗiya, mai maɓalli uku. Tsohuwar hannu ce. Idan tana juya kai, duk sa'ad da ta kai ƙarshen ɓangare ɗaya sai ta yi ƙwas, sannan ta dawo. Ta ramin wayar nan muna jin ƙarar a falonmu. Muka saba da ita har muka daina ji. Mama tana da ciwon ƙirji, idan zafi ya yi yawa sai ta kama haki, shi ya sa fankar nan ta zame mata kamar magani. Takan ɗora ta a kan kujera dab da gadonta, ta jiƙa ɗankwali ta shimfiɗa a ƙirji, ta kwanta tana fuskantarta.

Shekara uku muna haka. Sai abubuwa suka fara lalacewa a masaƙa. Yau a ce babu auduga, gobe a ce injin ya tsaya ba a samu kayan gyara ba. Aka soke ƙarin awa, wanda da shi muke cike giɓin wata. Aka sallami wasu. Mu da muka rage aka mayar da mu kwana uku a mako, albashi ya bi sahu. Kaya a kasuwa kuwa kullum hawa suke. Ga matata da cikin na biyu. Ban taɓa zaman gida da rana ba tun da na zo Kaduna, sai ga ni kwana huɗu a mako ina kwance a falo, ina jin matan gida suna daka da wanki, ina jin kunyar ko fita tsakar gida.

A wannan lokacin ne masu yankan wuta suka shigo layinmu da tsani. Ina tsaye a ƙofar gida na ga sun hau falwaya sun cire wayar gidan wani tela, sun naɗe ta sun jefa a mota, shi yana bin su da roƙo, yara sun taru suna kallo. Mutumin ya girme ni, yana da mata da 'ya'ya manya. Na ga yadda ya koma shagonsa yana gyara hularsa, bai kalli kowa ba. Na shiga gida na ɗauko takardar kuɗin wutarmu da na ɓoye a ƙarƙashin katifa na sake dubawa. Na rantse a raina ba za a yi mini haka ba.

Daga ranar na tasa wutar gidana a gaba. Na cire ƙwan ƙofar falo, na cire na bayan gida. Na kai dutsen guga na lantarki cikin akwati, na sayo na gawayi. Hitar da matata take dafa ruwan shayi da ita na naɗe wayarta na ɗora a saman kabad, muka koma risho. Muna da ɗan ƙaramin firji da na saya lokacin da abubuwa ke tafiya. Na kashe shi, muka mayar da shi wurin ajiye gari da manja, ruwan sha kuma ya koma randa, muna lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Fankarmu ta sama na hana kunnawa sai bayan isha'i. Matata ba ta yi mini gardama ko sau ɗaya ba. Idan zafi ya dame ta sai ta zuba ruwa a siminti, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta kwanta da cikinta, 'yarmu tana gefenta duk ƙurajen zafi sun feso mata a wuya.

Wani hali kuma ya same ni wanda har yau ina jin nauyin faɗarsa. Mitar tana jikin bangon barandarmu, cikin gilashinta akwai wani ɗan faifai mai ɗigon baƙi da yake juyawa idan ana shan wuta. Sai na koma tsayawa a gabanta. In kunna abu in fito in ga yadda ya ƙara gudu, in kashe in fito in ga ya lafa. Mutum ne da ya saba tsayuwa a gaban inji awa takwas, aka raba shi da shi, ya samu wani abin kallo.

Zafin shekarar ya zo da wuri, kuma azumi ya faɗo a tsakiyarsa. Tun hantsi kwanon rufi yake fara ƙara, ɗas, ɗas, kamar ana jifansa da tsakuwa. Kogi ya janye har duwatsun cikinsa sun fito fili, idan ka haye gada kana ganin masu wanki a tsakiyarsa. Hadari yakan taso daga gabas da yamma, a yi ta murna, sai iska ta watsa shi.

Wata rana, kwana biyar ko shida da kama azumi, ina gida. Wajen sha biyun rana na bi ɗakunana na tabbatar komai a kashe yake, ko rediyo babu. Na fito baranda na duba mita. Faifan yana juyawa. Ba da sauri ba, amma yana tafiya, ɗigon baƙin ya zo ya wuce, ya zo ya wuce. Na tsaya ina mamaki. Sai na ji ƙwas ta bango.

Ban yanke shawara a tsaye ba. Na koma na kwanta, ina jin ƙarar nan da na shekara uku ban lura da ita ba, yanzu kuwa kowace ƙwas sai in ji kamar a jikina. Na yi ta kawo wa kaina hujja. Ni da nake biya ina kwance cikin zufa, matata mai ciki ita ma tana fama da zufa. Da rana tsaka fanka ai iska mai zafi kawai take kaɗawa. Ba hana ta zan yi ba, daga sha biyu zuwa la'asar ne kawai, da dare kuwa ta sha abinta. Da zan je in same ta in ce, Mama, ga halin da nake ciki, na san abin da za ta ce, da kanta za ta kashe. Amma bakin da ya ce mata ko kwabo ba zai iya komawa ya faɗi haka ba. Ana ɗauke wuta kusan kullum a lokacin. Me zai hana ta ɗauka an ɗauke ne?

Matata tana tsakar gida tana tsintar wake. Na tashi na matsar da kabad kaɗan, na sa hannu na zare filogin. Ƙarar ta yi ƙasa a hankali, ta tsaya. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar damuna. Can na ji gadonta ya motsa, na ji tana danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta sake dannawa. Daga nan na ji ta jawo ƙofa.

Da aka kira azahar na fito da buta. Tana zaune a bakin ƙofarta a kan tabarma, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, tana fifita da mafici.

"Ɗana, sun ɗauke ne?"

"Sun ɗauke, Mama."

Ina rufe baki mai walda da ke tsallaken titi ya kunna injinsa na yankan ƙarfe. Ƙarar ta cika unguwa. Kowa a layin ya san wutarsa da tamu ɗaya ce, idan an ɗauke shi ma zama yake. Mama ta ɗan karkata kai wajen ƙarar. Na riga na shirya abin da zan ce, cewa wataƙila layinmu ne ya samu matsala. Ba ta tambaya ba. Ta ci gaba da fifita, ta ce, "To, Allah ya dawo da ita."

Da azumi a bakina na yi wannan ƙaryar. Na je masallaci na dawo. Da la'asar ta yi na mayar da filogin, na ji fankar ta tashi, na ji Mama ta ce da kanta, "Yauwa."

Da magariba ta aiko 'yata da kwanon sha. Kowace shekara haka take yi mana da azumi: takan jiƙa tsamiya tun safe, ta tace, ta sa a cikin randarta ya yi sanyi, ta ce a kai wa Malam ya sha ruwa. Na karɓa na sha. Ban san abin da zan yi da shi ba in ban sha ba.

Abin da mutum ya yi sau ɗaya, na biyu ba ya yi masa wuya. Ya zama duk ranar da nake gida, sha biyu na yi zan zare, la'asar na yi in mayar. Ranar da zan je aiki kuma nakan zare tun da safe kafin in fita, in mayar idan na dawo. Ban gaya wa matata ba, na zaci ba ta sani ba, tunda kabad ya rufe wurin. Mama ba ta ƙara tambayata ba. Idan na fito alwala zan same ta a bakin ƙofa da maficinta, inuwar bangon ba ta wuce tafin hannu biyu, tana bin ta tana matsawa. Wani lokaci in ga matata zaune kusa da ita suna hira, ta karɓi maficin tana yi mata fifita. Mu gaisa. "Ya ƙishirwa, ɗana?" "Da godiya, Mama. Ya zafi?" "Zafi lokacinsa ne."

Na lura hakinta ya ƙaru. Ta bango ina jin numfashinta, kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace. Na ce a raina tsufa ne, kuma ai tana da ciwon tun da can. Sau biyu na sa hannu a bayan kabad da niyyar in mayar tun kafin lokaci, sai in tuna da tela da tsani, in janye.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, a goman ƙarshe na azumi. Ina gida. Na zare filogin kamar kullum, na kwanta a siminti, barcin yunwa ya ɗauke ni. Muryar matata ce ta tashe ni, tana kirana da ƙarfi daga waje, irin kiran da ban taɓa jin ta yi ba.

"Malam! Malam, fito! Mama ce!"

Na zabura. Kuma ga abin da na yi, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba sai a wannan rubutun: kafin in fita, sai da na tsaya na tura hannu bayan kabad na mayar da filogin. Matata tana ihu a waje, tsohuwa tana fama da ranta, ni kuma abin da ya fara zo mini shi ne kada a shiga ɗakin a ga an zare.

Na same ta a jingine da bango a bakin ƙofarta, bakinta a buɗe, leɓɓanta sun yi wani irin duhu, idanunta a kaina. Matan gida sun kewaye ta, wata tana yayyafa mata ruwa. Aka ce in shiga in ɗauko mata zani da katin asibiti. Na shiga. Zafin ɗakin ya buge ni a fuska kamar na buɗe murhun gasa burodi. Ban taɓa shiga ɗakin da rana tsaka ba, duk shekarun nan. Fankar tana kan kujera tana juya kai, tana hura gadon da ba kowa a kai, ta kai ƙarshe ta yi ƙwas ta dawo. Jiƙaƙƙen ɗankwalinta yana kan matashi, ya bushe ya ƙandare.

Na samo tasi muka kai ta asibiti, ni da wata maƙwabciya. A mota kanta yana kafaɗata. Ta riƙe hannuna tana so ta yi magana, numfashi bai bar ta ba. Na ce, "Yi shiru, Mama, mun kusa." Har yau ban san abin da take so ta faɗa ba, kuma ni ne na ce ta yi shiru.

Aka aika wa 'yarta ta zo. Kwana biyu Mama ta yi a asibiti ta cika. Likita ya ce wa 'yar zuciyarta ce ta gaji, ta daɗe da gajiya, ko yaushe abin zai iya zuwa. Ina tsaye a wurin na ji. Na so in tambaye shi ko zafi yana iya gaggauta irin wannan, na kasa, don idan na tambaya za a ce me ya kawo maganar.

Kafin a tafi da ita ƙauyensu, matan cocinsu suka zo gidanmu da yamma. Suka cika tsakar gida da kujeru, suna waƙoƙi da Hausa, a hankali, wasu suna kuka. Mu Musulmin gidan muka zauna a gefe muna karɓar gaisuwa tare da su. Can 'yarta ta tashi ta kamo hannuna ta jawo ni tsakiya.

"Ku ga wannan," ta ce da su. "Wannan shi ne ɗan da Allah ya ba Mama a garin nan. Shi ya huda bangonsa ya ba ta wuta, shekara da shekaru, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Shi ya ɗauke ta zuwa asibiti. Abin da ni da ta haifa ban yi ba shi ya yi."

Suka yi ta sa mini albarka. Wata tsohuwa ta riƙe fuskata da hannu biyu. Na ɗaga ido na hango matata a bakin ƙofarmu, ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa.

Bayan mako guda ruwan farko ya sauka, garin ya yi sanyi. Takardar wutar watan ta zo. Ta ragu sosai, amma na san firji da dutsen guga ne suka rage ta. Rabon fankar a ciki, da na zauna na auna, bai kai kuɗin sabulun wanki ba. Mai gida ya ba wani mai sayar da itace ɗakin ya riƙa ajiye kaya. Na zare wayar, na cusa tsumma a ramin. Duk da haka, da rana idan na kwanta a falon gari ya yi tsit, sai in ji kamar ana danna maɓalli a bayan bango, ɗaya bayan ɗaya. Na daina kwanciyar rana a gida. Nakan tafi bakin masaƙa in zauna da masu shayi ko da ba ranar aikina ba ce.

Matata ta haihu da damina, namiji, a asibiti. Muka shekara ba wanda ya ta da maganar Mama sai dai a ce Allah ya ji ƙanta. Da bazara ta sake zagayowa, wata rana da azahar muna zaune a baranda, tana ba yaron nono, na ji ba zan iya ci gaba da riƙewa ba.

"Akwai abin da ban gaya miki ba game da Mama."

"Filogin?" ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Na juyo na kalle ta.

"Tun ranar farko na sani, Malam. Kabad ɗin kwanukana ne, kullum sai na ga an matsar da shi."

"Me ya hana ki yi magana?"

"Ita ta hana ni." Ta juya yaron zuwa ɗaya ɓangaren. "Idan ka fita aiki, kana bacewa a lungu nake mayar mata. Kafin ka dawo in zare, don ka samu yadda ka bari. Kwana uku a mako tana shan iskarta lafiya. Ranakun da kake gida ne kawai ake ɗauke wuta. Kana ganin ba za ta gane ba? Ai ba yarinya ba ce."

Na ji kamar an zuba mini ruwan randa a baya.

"Na ce mata zan yi maka magana, ta riƙe mini hannu. Ta ce, 'Kada ki kuskura. Namijin da aka rage wa aiki, kunyar da yake ciki ta ishe shi. Idan kika faɗa masa na sani, ba zai ƙara iya kallona ba, ni kuwa gaisuwarsa ta fi mini fanka.' Haka ta ce. Shi ya sa nake zuwa in yi mata fifita."

"Ranar Alhamis ɗin fa?"

"Ranar jiri ya kama ni, na kwanta a ɗakin maƙwabta. Da na fito na same ta haka." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ni ma ina da nawa, Malam. Ba kai kaɗai ba ne."

Da aka kira la'asar na ɗauki buta na fita.

Na yi makonni ina juya abin, sannan na yanke zan je in gaya wa 'yarta. Na tambayi wani malami a masallacinmu ba tare da na faɗi ko wane ne ba, ya ce haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai an nemi mai shi ko magajinsa. Wata Lahadi da yamma na hau bas zuwa Sabon Tasha. Ban san gidan ba, sai da na yi ta tambaya, aka ce sun tashi sun koma Romi. Na bi su can. Na same ta a ƙofar wani gida da ba a gama ba, tana tankaɗe. Ta ɗan tsaya tana kallona, sai ta saki rariya ta taso da gudu.

"Yayana! Kai ne? Ya aka yi ka gano mu?"

Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta kira 'ya'yanta su uku ta ce su durƙusa su gaishe da kawunsu. Ta tambayi matata, ta tambayi yarinyar da Mama ta karɓa, ta yi murna da jin an samu namiji. Ta ba ni labarin yadda aka yi jana'iza a ƙauye, da yadda aka binne ta kusa da mijinta a gindin wani dutse. Sau uku ina buɗe baki. Na farko mijinta ya shigo muka gaisa. Na biyu ƙaramin yaron ya faɗi yana kuka. Na uku ba abin da ya hana ni, ta zuba mini ido tana jira, fuskarta sak ta uwarta, na ce, "Dama na zo ne in ga yadda kuke."

"Ka kyauta, wallahi ka kyauta. Mutane irinku sun yi ƙaranci."

Da zan tafi ta shiga ciki ta fito da ƙullin acca a leda, ta ce daga gida aka kawo, in kai wa mai jego. Na ce ta bar shi, ta ce idan na ƙi ta yi fushi. Ta rako ni har bakin titi, ta tsaya har bas ta tashi.

Na iso gida bayan magariba. Matata ta karɓi ledar ta buɗe ta duba.

"Ka faɗa mata?"

"Ban faɗa ba."

Ta gyaɗa kai, ta ɗauko ƙwarya ta juye accar. Tana da tsakuwa sosai, sai da ta yi mata wanki uku. Washegari ta yi mana fate da ita, yarinyar ta ci ta nemi ƙari.